Gobara Takan Yi Sallama

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakunan ɗalibai ya san warin nan na roba mai narkewa. Yakan taso ne daga akwatin fis da ke ƙarƙashin matakala, yawanci bayan sallar isha'i, sa'ad da kowane ɗaki ya jona hita da dutsen guga da abin dafa taliya. Mukan toshe hanci mu wuce. In an yi dace wani ya kai ƙara sashen ayyuka, a rubuta a littafi, a ce za a turo mutum. Ran da fis ya ƙone kuwa, sai wani gwani a cikinmu ya samo guntuwar waya mai kauri ya ɗaure wurin, wuta ta dawo, a yi masa tafi. Haka muke zaune, mu da ake cewa gobe mu ne injiniyoyin ƙasa da manyan sakatarorinta.

Abin da ya sa muka tono wannan magana shi ne wata na'ura da ba ta wuce tocila girma ba, wadda ake kira kyamarar zafi. Kowane abu a duniya yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, kuma gwargwadon zafinsa gwargwadon ƙarfin hasken. William Herschel ne ya gano shi a Ingila a 1800. Ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, launuka suka fito kamar bakan gizo, ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafin ya ƙaru. Wannan haske na bayan ja shi kyamarar take kamawa, ta zana shi a fuskarta: wuri mai sanyi ya fito shuɗi ko baƙi, mai zafi ya fito ja ko fari, ga adadin digirinsa a gefe.

Kamfanin AGA na ƙasar Suwidin ya fara sayar da irinta wajen 1965, ana duba layukan wuta da ita. Ta wancan zamani kaya ce guda, sai an ɗora ta a mota, kuma sai an riƙa ɗura mata ruwan nitirojin don a sanyaya cikinta. Daga baya aka ƙirƙiro idon da ba ya bukatar sanyi, ta ƙanƙance ta koma ta hannu. A 2014 kamfanin FLIR ya fito da wadda ake maƙala wa wayar hannu. Yau ƙaramarta ba ta fi kuɗin waya mai kyau ba, wadda ɗalibai da yawa ke yawo da ita a aljihu. Saboda haka kada wani ya ce mana tsada ce ta hana.

To, me take gani? Mu ɗauki noti guda da ya saki a mahaɗar waya. Wuta ba ta samun hanya sosai a wurin, sai ta riƙa kutsawa, kutsawar nan kuwa zafi take haifarwa. Ɗaliban kimiyya sun san lissafin: in wutar da ke bi ta wurin ta ninka biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Zafin ya sa ƙarfen ya yi tsatsa, tsatsar ta ƙara toshe hanya, zafin ya daɗa hauhawa. Haka abin zai yi ta ci makonni ko watanni, har robar da ke rufe da wayar ta gasu ta kama. Wani abin tsoro shi ne, fis ba ya jin wannan ciwo ko kaɗan. Aikinsa ya tsinke in wuta ta yi yawa, a nan kuwa wutar ba ta wuce kima ba, ƙofarta ce ta ƙuntata. Amma kyamara daga nesa za ta nuna notin yana ja wur a tsakiyar 'yan'uwansa masu duhu.

Hikimar aikin duk a kwatanci take. Wutar manyan gine-gine layi uku take zuwa. In kayan da ke kan layukan daidai suke, ya kamata zafinsu ya zo kusa da juna. Ƙa'idar ƙungiyar masu gwajin kayan lantarki ta Amurka, wato NETA, ta ce in bambancin ya kai digiri 4 zuwa 15 a shirya gyara, in ya haura 15 a gyara nan take. A 2023 kuma ƙungiyar kare gobara ta can, NFPA, ta mai da littafinta mai lamba 70B daga shawara zuwa ƙa'ida, a ciki har da duba kayan wuta da kyamarar zafi aƙalla sau ɗaya a wata 12.

Haka nan a ɓangaren injuna. Boris da ya bushe babu giris yakan yi zafi tun kafin ya fara kuka. Bel mai santsi, da sandar da ta kauce daga saiti, da lagireton janareto da ƙurar hunturu ta toshe, duk suna bayyana a hoton. Masu injin lantarki suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi, cewa duk ƙarin digiri 10 a kan abin da aka tsara wa inji yana raba kwanan nannaɗin wayarsa biyu. A ƙasar da zafin watan Afrilu kan haura digiri 40 a inuwa, injin da ke tura mana ruwa tanki tun kafin a kunna shi ya riga ya sha rabonsa. In ya ƙone, mu ne za mu yi sati muna bin layi da bokiti.

Amma kada mu ruɗi kanmu, na'urar ba boka ba ce. Ba ta ganin abin da ke bayan ƙofar akwati, ko gilashi ma tare ta yake yi. Zafin fatar abu kawai take karantawa. Jan ƙarfe ko alminiyam mai sheƙi yakan yi mata ƙarya, don kamar madubi yake, zai iya nuna mata ɗumin jikin mai riƙe da ita alhali shi kansa yana tafasa. Shi ya sa gwanaye, sa'ad da wuta ke kashe, sukan manna ɗan baƙin tef a wurin don su auna a kansa daga baya. In aka je dubawa da hantsi, ɗalibai duk suna aji, babu abin da ke jone, za a tarar da komai lafiya lau, a rubuta rahoton banza. Rana ma takan gasa tiransifoma ta ɓata awo, iska kuma ta fifita mahaɗar da ke ci. Bayan wannan duka, dole a buɗe akwati wuta na ciki, wanda ba aikin ɗan koyo ba ne. Sai ƙwararre mai kayan kariya.

Nan ne tsoronmu yake. Mun san halinmu da kayan aiki. Za a ba da kwangila, a sayo mafi tsada, a yi bikin miƙawa da ɗaukar hoto, sannan a kulle ta a kabad ɗin maigida, mabuɗi ya tafi hutu tare da shi. Ko kuwa a ɗauki hotuna masu kyau ja da shuɗi, a sa a fayil, fayil ya kwanta a tebur yana jiran sa hannu har damina ta wuce. Kyamara ba ta ɗaure noti. Ita dai ta nuna, saura mai sifana, da kuɗin sayen waya, da wanda zai koma bayan gyara ya sake aunawa. Hukuma ta fi son gyaran da ake gani, don sabon gini yana da allon suna da ranar buɗewa, notin da aka ɗaure kuwa babu mai yi masa jawabi.

Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a 2016, shaguna dubbai suka tafi a dare ɗaya. Kowace gobara da sanadinta, amma duk wanda ya ɗaga kai ya dubi saƙar wayoyin da ke bisa rumfunan kasuwanninmu, sannan ya dawo ya leƙa ƙarƙashin matakalarmu, zai ga 'yan gida ɗaya ne. Bambancin kawai, a kasuwa kaya ne ke kwana, a nan kuwa mutane ne, wani ɗakin na mutum huɗu yana ɗauke da takwas, tagogi kuma duk da ƙarfe.

Mu ma da namu laifin. Fis ɗin da muka ɗaure da waya mai kauri mun kashe mai gadi ke nan da hannunmu. Soket guda da muke ɗora wa kaya biyar ba hukuma ta aiko mu ba.

Ga abin da muke nema. Sashen ayyuka ya mallaki kyamara ko da guda ɗaya ce, matsakaiciya, a koya wa ma'aikata biyu ko uku aiki da ita, kuma ta kwana a hannunsu. A bi ɗakunan kwana, da ɗakin girki, da gidan janareto, da gidan famfo, sau ɗaya kowane zango, da daddare lokacin da wuta ke ɗauke da kaya. Ɗaliban injiniya na ajin ƙarshe su riƙa bin ma'aikatan da littafi, suna rubuta wuri da digiri da kwanan wata, a lissafa musu shi cikin aikin karatunsu. Abin da aka gano a liƙa shi a allon sanarwa na kowane gini, tare da ranar da aka yi alkawarin gyara, don mu riƙa ƙirga kwanakin tare.

Ku kuma yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, wata rana wani mai gyaran wuta zai ajiye muku takarda mai layi uku, da ɗan hoto mai jan ɗigo a tsakiya, yana neman kuɗin waya da izinin kashe wuta na awa biyu. Muna roƙonku ku sa mata hannu a ranar, kafin a tashi ofis.