Ɗalibin Aikin Jarida, Labarinka Yana Nan Makera

Idan aka tambayi sababbin ɗaliban aikin jarida abin da ya kawo su aji, da yawa sukan ce suna son su iya ba da labari. Buri ne mai kyau, ba na kushe shi. Abin da nake so mu duba a wannan fili shi ne ko aji kaɗai zai cika musu wannan buri, musamman ɗalibin da ya taso a unguwa irin Makera, kudu da kogin Kaduna, yake kuma fatan yi wa jama'a rubutu da Hausa.

Mai karatu zai tuna cewa Alhaji Abubakar Imam ta wata ƙofar ya shigo. Sai da ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, sannan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, lokacin da babu sashen koyar da aikin jarida ko ɗaya a Arewa. Da kunnensa ya zo, jarida kuma ta koya masa tantancewa. Ɗalibinmu na yau yana samun tantancewar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko Jami'ar Jihar Kaduna: wa ya yi, me ya yi, yaushe, a ina. Amma galibi da Ingilishi yake samun ta. Idan ya zo rubutu da Hausa sai ya koma tafinta, kowace jimla ta fara da “ya bayyana cewa” ta ƙare da “ya yi kira ga”.

A nan ne mu masu nazarin harshe muke da ta cewa. Hausa tana da kayan aikin ɗan jarida a cikin nahawunta. Kalmar “wai” tana nuna wa mai sauraro cewa mai magana bai gani da idonsa ba. “Suka” tana jan al'amura ɗaya bayan ɗaya, abin da “sun” ba ta yi, shi ya sa labarin da aka cika da “sun” yake fitowa kamar sanarwar ma'aikata. Mafi haɗari ita ce “an”. Mai rubutu ya ce “an rufe masaƙa”, ya wuce abinsa, alhali aikinsa kenan ya gaya mana wanda ya rufe ta. Ɗalibin da ya koyi tuhumar kowace “an” da ta fito daga alƙalaminsa ya ci rabin kwas ɗin.

Ba da gangan na kawo misalin masaƙa ba. Makera da maƙwabciyarta Kakuri a kan masaƙu suka ginu. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, daga baya Arewa Textiles da UNTL da Nortex suka biyo. Dubban ma'aikata, Hausawa da Tibi da Idoma da Igala da mutanen Kudancin Kaduna, suka kama hayar ɗakuna a gida ɗaya. Daga Arewa Textiles ɗin nan Adams Oshiomhole ya taso har ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe ƙofa a 2007, saboda matsalar wutar lantarki da tsadar baƙin mai da kwararowar atamfar fasa-ƙwauri. Jaridu sun sha kawo wannan a taƙaice. Abin da ya yi ƙaranci shi ne labarin mai tuwo-tuwon da kasuwarta ta mutu ranar da jiniyar canjin aiki ta daina kaɗawa, da na masaƙin da ya tsufa yana jiran kuɗin sallama. Ɗalibi yana wuce waɗannan mutane kullum a kan hanyarsa ta zuwa aji, inda za a ba shi aikin rubuta taron manema labarai na ƙage.

Kada kuma a ɗauka iya zance ya wadatar. Mutanen Kaduna ba su manta Nuwamban 2002 ba, lokacin da jimla ɗaya ta raha a wata jaridar Legas, kan gasar sarauniyar kyau, ta zama sanadin rikicin da ya ci rayuka fiye da 200. A garin da kogi ya raba wa mutane unguwanni, mai daɗin baki da bai san nauyin kalma ba ya fi wanda bai iya rubutu ba ɓarna. Wannan horon, dole sai an zauna gaban malami.

Shawarata ga malaman sassan nan ita ce, a kowane zango a tura ɗalibi ya zauna da tsohon ma'aikacin masaƙa guda, ya saurare shi da harshen da ya fi sakewa da shi, ya rubuta labarin da Hausa tukuna kafin ya juya shi zuwa Ingilishi. Ya nemi katin aiki da takardar albashi ya gani da idonsa, ya kuma ji ta bakin ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, wadda hedikwatarta take nan Kaduna. Waɗanda suka shiga KTL suna samari a shekarar da aka buɗe ta, duk wanda ya rage a cikinsu ya haura tamanin.