Uwa ma tana gajiya

Kusan kowane sati sai wata ƙawa ta turo mini irin bidiyon nan. Gida ne a wani ƙauyen Turai, ciyawa kore shar, tafkin ruwan ɗumi, ɗakin tururi. Uwa kwance ana yi mata tausa, ɗiyanta kuma suna can wani ɓangare da masu reno, suna ba awaki ciyawa ko hawan ɗan ƙaramin doki. Amsa biyu nake ji kullum. Wasu su ce "Allah ka ba mu mu ma". Wasu, galibi maza, su ce sangartar anasara ce, iyayenmu sun haifi goma ba wanda ya yi masu tausa. Duka biyun sun ɓata mini rai, don duka biyun sun ɗauka hutun uwa kayan alatu ne: ɗaya yana kwaɗayinsa, ɗaya yana raina shi.

Bari in ba ku abin da bidiyon ba ya nunawa. A Jamus, ban da otel-otel na masu kuɗi, akwai wani tsari da suke kira Mutter-Kind-Kur, wato jinyar uwa da ɗanta. A 1950, ƙasar ba ta gama fita daga kangon yaƙi ba, Elly Heuss-Knapp, matar shugaban ƙasa na lokacin, ta kafa gidauniya don matan da wahala ta cinye. Ku lura da shekarar. Ba su jira sun yi arziki ba. Tun 2007 kuma doka ta wajabta wa asusun inshorar lafiya biyan wannan jinya idan likita ya tabbatar uwa tana bukata. Sati 3 ake yi, a bakin teku, ko cikin daji, ko kan tsaunuka. Uwa tana biyan yuro 10 a rana, wajen jika 6 da rabi na kuɗinmu, yara ba a biya masu. Idan ma'aikaciya ce albashinta yana tafiya, kuma ba a cire kwanakin daga hutunta na shekara. Uba ma yana iya nema. Da safe yara su tafi wurin masu kula da su, ita kuma ta ga likita, ta motsa jiki, ta zauna da mai ba da shawara, ko ta yi barci kawai. Ruwan ɗumi da tausa su ne ƙaramin abu a ciki. Babban abin shi ne ƙasa ta rubuta a doka cewa gajiyar uwa tana iya zama ciwo, kuma maganinta ya rataya a wuyan jama'a.

To, mai cewa wannan tunanin baƙo ne, ina tambayarka: wankan jego fa? Kakanninmu ba su san kalmar "spa" ba, amma sun ware wa mai jego kwana 40. Ta koma gidan iyayenta, a dafa mata ruwa safe da yamma, a yi mata wanka da ganye, a dama mata kunu, a gasa mata nama, wata tsohuwa ta riƙe jinjiri ita ta runtsa. Ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa. Ba zan yi ƙarya in ce komai na ciki alheri ne ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ja hankali kan alaƙar yawan kunun kanwa da tsananin zafi da ciwon zuciya bayan haihuwa, kuma duk wadda ƙafafunta suka kumbura ko numfashi ya yi mata wuya, likita za a kai ta, ba ƙarin ruwan zafi ba. Amma gindin al'adar daidai yake: wadda ta haihu a ɗauke mata aiki.

Yanzu dubi abin da muka yi da ita a birni. Mun riƙe ruwan zafin, mun yar da hutun. Yayata ta haifi ɗanta na huɗu a ɗakin haya a Maraɗi. Innarmu ta tsufa, ba ta iya zuwa. Kwana 9 da haihuwa na tarar da ita da asuba tana hura wa kanta wutar ruwan wanka, jinjiri a baya, na ukun yana jan zanenta, manyan biyu suna jiran kunu kafin su tafi lakwal. Ranar suna kuwa an kashe kuɗi kamar ba gobe: rago, anko, rumfa, kujerun haya. Ita ce ta wanke tukwanen washegari. Da na yi magana, sai aka ce mini ai haihuwar fari ce ake zuwa gida. Wato jikin da ya ɗauki ciki huɗu ya fi na mai ciki ɗaya ƙarfi kenan?

Kuma kar wani ya ce mini a aika ta ƙauye ta huta. A bidiyon anasara ƙauye wurin shan iska ne. A ƙauyukanmu, mace ce ke tashi kafin kowa, ta sussuka, ta daka, ta je rijiya, ta yo itace, ta kai fura gona. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna mace ɗaya a Nijar tana haihuwar yara 7.6 a matsakaici. Ku lissafa shekarun ciki da goyo da yaye da ke cikin wannan adadi, ku gaya mini a wace shekara ce ta yi barcin dare cikakke. Ko fitar iyali da muke yi bakin tafkin Madarunfa ko Tabalak lokacin salla, wa ya dafa abincin tun dare? Wa ke bin yara kar su faɗa ruwa, alhali maigida yana ɗaukar hoto? Mutane suna ɗaukar doguwar hanya zuwa Tafadek, can cikin Ayar, don ruwan zafin da ke fitowa daga ƙasa ya warkar masu da ciwon gaɓoɓi, ba wanda ya ce sangarta ce. Sai uwa ta ce bayanta na ciwo ne za a tuna mata da haƙuri.

Dokar aiki ta 2012 ta ba mace sati 14 na hutun haihuwa, 8 daga ciki bayan ta sauka. Madalla. Amma mata nawa ne ke da takardar aiki? Mai tuyar ƙosai, mai sayar da kopto, mai ɗinki, ƴar aikin gida da ke renon ɗiyan wata don waccan ta je biro, duk dokar ba ta san da su ba. Ranar da ba su fita ba, tukunya ba ta hau wuta. Saboda haka in gobe wani attajiri ya gina gidan tausa a bakin kogi a Yamai, ya sa farashin dare ɗaya ya kai albashin malamin kwantaragi, Allah ya ba shi kasuwa, amma kar a ce mana an warware matsalar mata.

Na san abin da za a ce: ƙasa na fama da tsaro da tsadar rayuwa, wa ke ta hutu? Ban nemi a gina mana asibitin bakin teku ba, ko tekun ma ba mu da shi. Abin da nake nema bai kai kuɗin taron bita ɗaya a otel ba. Magadan gari su ware rumfa mai inuwa da ruwa a manyan kasuwanni, da mata biyu amintattu da ake biya, inda ƴar kasuwa za ta aje yaro awa 3. A CSI, ranar da uwa ta kawo jinjiri rigakafi, a auna hawan jininta ita ma, a tambaye ta ko tana barci, ko tana yawan kuka ba dalili. Matan adashi su ƙara wani zubi da ba na kuɗi ba: wadda ta haihu, a raba kwana 40 ɗinta tsakanin ƴan ƙungiya, yau wannan ta yi girki, gobe waccan ta yi wanki.

Sai ku, ƴan uwana maza na fada. Ku ne kuka fi kowa sanin darajar hutu a ƙasar nan. Tabarma, buta, gawayi, shayi na ɗaya, na biyu, na uku, har tsakar dare, kowace rana ta Allah. Ban ce ku bari ba. Na ce a cikin dare 7, ku ba da ɗaya. Ka ɗauki yaran bayan la'asar, ka fita da su, ka saya masu abin da za su ci, kar ka dawo sai ta yi barci ta farka da kanta. Mijin yayata ya gwada sau ɗaya bayan mun yi cacar baki. Ya dawo bayan awa 2, rigarsa jiƙe, yana tambayar yadda ake sa na ukun ya daina kuka. Ita kuwa ba ta ji shigowarsa ba, tana kwance a tabarmar salla da hijabinta, inda barci ya kwashe ta.