Da Aka Rufe Makarantu, Wa Ya Tuna da Yara Masu Otizim?

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban gane zurfin wannan karin magana ba sai a shekarar 2020, lokacin annobar korona. A watan Maris aka ba da umarnin rufe makarantu a Nijeriya, kuma yawancin yara ba su koma aji ba sai wajen Oktoba. Jihohi da dama suka koma koyarwa ta rediyo da talabijin. To, ina makomar yaron da ba ya iya zama ya saurari rediyo?

A lokacin ina zaune gidan yayata a unguwar Pantami, nan cikin Gombe. Ɗanta mai shekara 6 yana da lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Ba aljanu ba ne, ba kuma sammu ba. Lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma, takan taɓa magana da cuɗanya da mutane, kuma mai ita yakan dogara ƙwarai da abin da ya saba. Shi ya sa kullum da safe yaron nan zai sa rigar makaranta ya tsaya bakin ƙofa. Da an ce masa babu makaranta, sai kuka da toshe kunnuwa.

Dole ta sa yayata ta zama malama. Ta yanka kwali ta zana wanka, karin kumallo, karatu da barci, ta jera a bango don ya ga abin da ke biye da wani. Ta koya masa ƙirga da wake da murafen kwalba. Sannu a hankali kukan ya ragu. Amma duk bayanin da ta nema a waya da Turanci ta same shi, ni nake fassara mata. Mu a gida Tangale muke yi, Hausa kuwa a unguwa da makaranta na koye ta, sau da yawa nakan rasa kalmar da zan ba ta.

A nan ne, 'yan'uwana ɗalibai, maganar ta zo kanmu. Hausa ce ke haɗa Bafulatani da Batangale da Bawaja a kasuwar Gombe. Idan bayani bai zo da ita ba, iyaye da yawa an bar su a duhu. Wani zai ce ai wannan aikin likitoci ne. Gaskiya ne, gano lalurar nasu ne. Amma wa zai mai da bayanin likita harshen da uwa za ta gane, in ba mu ba?

A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, sai dai doka ba ta shiga ɗaki ta koya wa yaro ƙirga. Shawarata ita ce mu zauna da likitoci da malamai mu daidaita kalmomi, mu shirya katunan hotuna da gajerun bayanai na murya da Hausa. Ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa otizim, ta dace da fara raba su.

Makarantu sun buɗe tuntuni, amma ajin yayata bai tashi ba har yau. Allah ya ba mu ikon tallafa wa irinta, amin.