Filin Mata: Baƙin Dutse A Ɗakin Girki

 

Makon nan wata uwargida daga Illela ta aiko da tambaya. Ta ce ta ɗauki adashi, tana so ta gyara ɗakin girkinta, an kuwa ba ta shawara ta shimfiɗa baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake ce wa giranit a bisa kanta, wai domin ba ya nuna dauɗa. Tana tambaya ko ta saya. To, 'yar'uwa, tambayarki ta mata da yawa ce, saboda haka bari mu yi ta a fili kowa ta ji.

Da fari dai, dutsen nan ba baƙo ba ne gare mu. Ɗan'uwan dutsen niƙa ne, wanda kakanninmu suka yi shekara da shekaru suna durƙusawa a kansa. Bambancin kawai shi ne wannan an yanka shi da inji, an goge shi har yana ɗaukar ido. Ƙarfinsa ba ƙarya ba ne. Wuƙa ba ta cinsa, sai dai shi ya dakushe ta. Ruwa ba ya kumbura shi kamar katako, gara kuwa ba ta da abin yi da shi. Wadda ta dace da na kirki, har jikokinta za su yanka albasa a gefensa.

Amma ku sani, ƙasarmu ta Sakkwato ba ta da irinsa. Dutsenmu farar ƙasa ce, irin wadda ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti. Sai an nausa wajen Gusau, inda dutsen Kwatarkwashi yake, kafin a fara ganin giranit a tsaye. Baƙin ƙirin ɗin da ake yayi kuwa, yawancinsa daga ƙetare yake zuwa: Indiya, da Sin, da Afirka ta Kudu, da gundumar Mutoko a ƙasar Zimbabuwe. Masana duwatsu ma sun ce shi wannan baƙin ba giranit ne na ainihi ba, wani danginsa ne da ya fi shi nauyi, 'yan kasuwa ne suka haɗa su suna ɗaya. Tun da jirgin ruwa ke kawo shi, kuɗinsa bin dala yake yi. Shi ya sa ya yi tashin gwauron zabo bayan da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023. Abu mai tsada haka, ba a sayensa a kan "an ce".

To, sai maganar dauɗa. Wanda ya ce miki baƙi na ɓoye dauɗa, bai taɓa share gida a Illela da hunturu ba. Ki dubi baƙar mota in ta kwana a waje cikin Janairu. Haka kantarki za ta wayi gari, har yaro ya rubuta sunansa da yatsa. Garin tuwo, da gishiri, da ɓurɓushin fulawa, duk farare ne, a kan baƙi kuwa suke fitowa sarai. In ruwan rijiyarku ko na burtsatse mai barin farin tabo ne a jikin buta, to haka zai bari a bakin wurin wanke-wanke. Abin da baƙi ke rufa wa asiri shi ne manja da miyar tumatir. Saboda haka wadda ba ta da lokacin goge-goge safe da maraice, ta nemi mai ɗigo-ɗigo, baƙi da toka-toka, ya fi haƙuri da ƙura.

Kuma ki dubi inda za a sa shi. Baƙi na shan rana. In ɗakin girkinki rumfa ce a tsakar gida, ko tagarsa na fuskantar yamma, to a watan Afrilu, sa'ad da zafinmu kan wuce digiri 40, dutsen zai yi zafin da ba ki iya ɗora hannu, balle ki ajiye nono ko danƙa kullu. Wannan kaya na cikin inuwa ne.

Abu na uku, ki tambayi kanki yadda kike girki. Kantar zamani tsayinta wajen santimita 90 ne daga ƙasa, faɗinta 60, an yi ta domin mai girki a tsaye a kan gas. Da yawa cikinmu kuwa a zaune muke tuƙa tuwo, a kan kujera 'yar tsugunne, tukunya na bisa murhu ko kurfoti. In girkin gidanki na mutum goma sha biyar ne, a tsakar gida za ki ci gaba da yinsa, kanta ta zama wurin jera kwanoni. Ashe ba sai kin kewaye ɗaki duka da dutse ba. Mita biyu a gefen gas da wurin wanke-wanke sun wadatar, sauran kuɗin a gyara taga a sa raga, a ja ruwa, a huda wa hayaƙi hanya.

In kin auna duk wannan kin ga har yanzu shi kike so, to madalla, sai a kula wajen saye, gama sai an gwada akan san na ƙwarai. Ki sa maigida ko ɗanki ya roƙi mai kaya ɗan guntu daga ainihin allon da za a yanka miki, ba wani ba, a kawo gida ki yi masa gwaji uku.

Na ɗaya, ki ɗiga masa ruwan lemun tsami, ki bar shi kamar minti 10, sa'an nan ki goge. In wurin ya dushe, to da farar ƙasa a cikinsa, ko kuwa mabul ne aka ba ki. Mabul asalinsa farar ƙasa ce, tsami na cinsa, mu kuwa ba mu rabuwa da tsamiya da yakuwa da zoɓo.

Na biyu, ki jiƙa farin ƙyalle da ruwan nan na goge jan farce, ki cuɗa shi da kyau. In ƙyallen ya yi baƙi, rini ne. Akwai masu shafa wa dutse mai toka-toka baƙin rini don ya yi kuɗi, bayan 'yan watanni sai ya koɗe ya yi dabbare-dabbare. Araha ba ta ado.

Na uku, ki ɗiga masa manja, ya kwana. In da safe ya goge tas, dutsen a matse yake. In ya sha, sai an shafa masa maganin toshe ƙofofi, kuma a riƙa sabuntawa.

Sa'an nan nauyi. Allo mai kaurin santimita 2, kowace murabba'in mita na kai kilo 60, mai kaurin 3 kuwa kilo 90. Watau kanta mai tsawon mita 3 ta mai kaurin ta fi buhun siminti uku nauyi. Kada a ɗora wannan a kan kabad ɗin da aka yi da matsattsen garin katako, ruwa na taɓa shi zai zube, ga yara na wasa a ƙasa. A sa birkila ya gina masa ƙafafu da bulo, kafinta ya zo ya sa ƙyamare daga baya.

Ɗauko shi ma sai da lura. Daga Sakkwato zuwa Illela, ta Kware da Gwadabawa, kilomita 80 ne da 'yan kai. Allon dutse a tsaye ake ɗaure shi cikin mota kamar gilashi, in aka kwantar da shi rami ɗaya ya isa ya raba shi biyu. A yi magana tun kafin a biya: in ya fashe a hanya, asarar wa? Kuma mai yankan ya zo da kansa ya auna bango, don ba a ƙara wa dutse tsawo in ya gaza. Kada a cika kuɗi sai an kafa shi kin gani da idonki.

Bayan an kafa, riƙonsa ba wuya. Ruwa da sabulu kaɗan, sa'an nan busasshen tsumma. Kada ki dirje shi da toka ko soson ƙarfe. Ki yanka nama a kan katako. Tukunyar da ta sauko daga wuta a sa mata abin ɗorawa, musamman kusa da baki ko inda aka haɗa allo biyu. Turmi kuwa, ko ƙaramin na dakan yaji ne, wurinsa ƙasa. Kada kuma yaro ya hau kai don ɗauko abu, gefen ramin wanke-wanke nan ne ya fi saurin tsagewa.

Iyayen amare, wannan har da ku. Kada a ci bashi a shimfiɗa dutse a gidan haya don 'yan ganin ɗaki su yaba, ranar tashi ba ya shiga akwati.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi magana a kan ajiyar albasa da zafi. Allah Ya sa albarka a tukwanenmu, amin.