Kwalliya da gyaran jirgin sama: yadda Amurka ke auna darajar takardar sana'a

A ranar 4 ga Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sanya hannu a kan wata doka wadda, a cikin sassanta, ta faɗaɗa tallafin karatu na Pell ya haɗa da gajerun kwasa-kwasan sana'a na mako 8 zuwa ƙasa da 15, daga watan Yulin 2026. Sai dai kuɗin na tafe da sharaɗi: kashi 70 cikin ɗari na ɗalibai su kammala kwas ɗin, kashi 70 na waɗanda suka kammala kuma su samu aiki. Gwamnatin tarayyar Amurka ta koma tambayar abin da ɗalibi ya samu bayan ya fita, kuma sana'o'i biyu da kwalejojin al'umma ke koyarwa, wato kwalliya da gyaran jiragen sama, sun nuna dalilin wannan sauyi.

Kwalejojin al'umma makarantu ne na shekara biyu masu sauƙin kuɗi, waɗanda jihohi da ƙananan hukumomi ke ɗaukar nauyinsu. Ta farko, Joliet da ke jihar Illinois, an kafa ta a 1901, kuma yau akwai kusan 1,000. A wasunsu, mai koyon gyaran gashi da mai koyon kwance injin jirgi suna shiga ta ƙofa ɗaya. Dukansu ba sa buƙatar digiri, kuma lasisi ne ke buɗe musu ƙofar aiki.

Lasisin makanikin jirgi na tarayya ne. Hukumar kula da sufurin jiragen sama, FAA, ke bayar da shi a fanni biyu: gangar jikin jirgi da injinsa. Ana samunsa ta makarantar da hukumar ta amince da ita, ko ta aikin hannu na wata 18 ga fanni ɗaya ko wata 30 ga duka biyun, sannan a zauna jarrabawar rubutu da ta baka da ta gwaji. Shekaru da dama ƙa'ida ta tilasta sa'o'i 1,900 na zaman makaranta. A watan Satumban 2022 aka soke wannan ƙidaya, aka bar makarantu su tsara darasi bisa ƙwarewar da jarrabawa ke nema. Kasuwa ma na jira: kamfanin Boeing ya yi hasashen duniya za ta buƙaci sababbin masu gyaran jirgi fiye da 700,000 cikin shekara 20, kuma matsakaicin albashinsu a Amurka ya haura dala 70,000 a shekara.

Lasisin kwalliya kuwa na jiha ne, kowace da nata sa'o'in. New York na neman 1,000, jihohi da yawa na neman 1,500, California kuma ta rage nata daga 1,600 zuwa 1,000 a 2022. Matsakaicin abin da mai sana'ar ke samu bai wuce rabin na makanikin jirgi ba. Nan matsalar take, domin yawancin masu koyo suna zuwa makarantu masu zaman kansu ne, inda kuɗin ya ninka na kwalejin al'umma, su fita da bashin da kuɗin shigarsu ba ya iya ɗauka. Ƙa'idar da ma'aikatar ilimi ta fitar a 2023 ta ce kwas ɗin da ɗalibansa ba su fi mai takardar sakandare samu ba zai iya rasa tallafin tarayya. Ƙungiyar makarantun kwalliya ta garzaya kotu, tana cewa tukwicin da kwastomomi ke bayarwa ba ya shiga lissafin haraji gaba ɗaya. Hujjar tana da nauyi, amma ba ta amsa dalilin da ya sa gashi ɗaya zai buƙaci sa'o'i 1,000 a wata jiha, 1,500 a maƙwabciyarta ba.

Wannan muhawara ta shafi masu tsara manufofi a Abuja, ganin yadda Ma'aikatar Ilimi ƙarƙashin Dokta Tunji Alausa ta ƙaddamar da shirin koyon sana'o'i mai ɗauke da alawus ga ɗalibai a 2025. Nijeriya ba ta rasa cibiyoyi ba: Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya na nan tun 1964, hukumar NBTE da ke Kaduna tun 1977. Duk da haka, kamfanonin jiragen ƙasar sun daɗe suna kai manyan gyare-gyare ƙasashen waje da kuɗin waje, yayin da mafi yawan masu kitso da lalle da gyaran gashi ke koyo a shago ba tare da takardar da banki ko ma'aikata za ta karɓa ba. Ƙudirin kawar da bambanci tsakanin babbar difloma da digiri, wanda Majalisar Tarayya ta amince da shi a 2021, bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba.

Rahoton da ke ƙidaya waɗanda aka yi wa rajista da waɗanda aka yaye yana da sauƙin rubutawa. Wanda zai yi amfani ga mai ware kuɗi a kasafi shi ne wanda ya nuna mutum nawa suka ci jarrabawar lasisi, nawa ke aiki bayan shekara guda, da abin da suke samu a wata. Kafin a ƙara wa shirin kuɗi, ya dace ma'aikatar da NBTE su fara tattara waɗannan alƙaluma, kwas bayan kwas, su kuma wallafa su.