A Raba wa Kwaɗo da Ƙadangare Ɗaki



Duk wanda ya bi ta bayan ɗakin gwaje-gwaje ya ga kejin wayar da kulob ɗin kimiyya ya kafa a farkon zangon nan. Mu 'yan aji biyu muna cikin waɗanda suka cika shi: kwaɗi huɗu daga kududdufin bayan makaranta, ƙadangaru biyu, hawainiya ɗaya da ɗan kunkuru. Ranar har tafi muka yi. Yau mako uku ke nan, kuma mun gane kuskure muka yi.

Ranar Litinin da ta wuce mun tarar da kwaɗo ɗaya ya bushe a lungun keji. Ba a banza ba. A darasin kimiyya mun koyi cewa kwaɗo ba ya shan ruwa da baki kamar akuya. Ta fatarsa yake tsotsar ruwa, ta nan ma yake wani ɓangare na numfashinsa, don haka dole fatar ta zauna da danshi. Shi kuwa ƙadangare sai ya sha hantsi jikinsa ya ɗumama kafin ya iya farautar ƙwari. Saboda shi aka ajiye kejin a rana. To in aka mayar da shi inuwa, aka jiƙa ƙasar don kwaɗo, ƙadangare ne zai shiga uku. Keji ɗaya ne, wa za a bi?

Su kansu ƙadangarun duk maza muka kamo, jan gwada biyu, don sun fi kyau. Namiji ba ya yarda wani namiji ya zauna a bangonsa. Kullum faɗa, yanzu ɗayan ba shi da rabin wutsiya.

Wadda ta fi ba mu tausayi ita ce hawainiya. Ita kaɗai take zama a kan reshe, kuma raɓar da ke kan ganye take lasa, ba ta kula kwanon ruwan da muka ajiye. Da muka kawo ta shar take, koriya. Yanzu ta yi duhu, ta maƙale a saman waya, ko fara aka miƙa mata ba ta dubawa. Kunkuru kuma yana shiga kwanon ruwan ya yi kashi, a ciki kwaɗi ke kwana. Mu ma muna taɓa su lokacin tara, mu wuce sayen awara ba wanke hannu, alhali kashin irin waɗannan dabbobi yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa zawo da zazzaɓi.

Wasu sun ce ai a daji ma tare suke. Gaskiya ne, amma a daji wanda aka takura wa yana da inda zai gudu.

Ba cewa muke a rushe kejin ba. Muna roƙon Malamin kimiyya ya ba mu izini mu saki hawainiya a kan bishiyoyin bayan aji, ƙadangaru su koma katangarsu, in muna son nazarinsu ga su nan kullum a bangon ajinmu. Kwaɗi ukun da suka rage a mayar da su kududdufi tun ruwan bai ƙafe ba. A bar kunkuru shi kaɗai, da inuwa da ganye, a kuma ajiye buta da sabulu a gefe. Mun riga mun rubuta sunayen masu kawo masa ganye, har da na Asabar da Lahadi.