Rabon Kayan Agaji: Tun Ran Gini Ake Zane

Mutanen Yola da Jimeta sun san rabon kayan agaji farin sani. A ƙarshen watan Oktoba na 2014, sa'ad da garin Mubi ya faɗa hannun Boko Haram, dubban jama'a suka kwararo babban birnin Jihar Adamawa. Waɗansu suka sauka a sansanonin Damare da Malkohi, waɗansu a harabar majami'ar St. Theresa ta Jimeta, amma mafi yawansu gidajen 'yan'uwa suka raɓa. Haka kuma a 2012 da 2022 Kogin Binuwai ya yi ambaliya bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, ya raba mutane da muhallinsu. Duk lokacin da irin wannan ta auku, akan wayi gari ga kaya jibge, ga mabukata a layi, mai rabo kuma ya rasa ta inda zai soma.

To, akwai wani ɗan lissafi da ake koya wa yara tun a firamare wanda zai rage wannan wahala. Shi ne neman babbar lambar da za ta raba lambobi biyu ko fiye ba tare da saura ba, wadda 'yan makaranta suka sani da haruffan HCF.

Ga misali. A ce an kawo shinkafa buhu 84 da man girki jarka 60, ana so a kasa su kashi-kashi, kowane kashi daidai da ɗan'uwansa, kada kome ya ragu. Kashi nawa ne mafi yawa da za a samu? Sai a raba 84 da 60, saura 24. A raba 60 da 24, saura 12. A raba 24 da 12, babu saura. Wato amsa ita ce 12: kashi 12, kowanne buhu 7 da jarka 5. Wannan dabara ba ta yau ba ce. Masanin nan Yuklid ya rubuta ta a birnin Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, aka kuma juya littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid.

Amfanin lissafin bai tsaya nan ba. Idan aka ƙaro sabulu katan 30, babbar lambar da za ta raba kayan uku sai ta koma 6. Mai rabo mai basira zai ware katan 6 gefe, ya bar 24, kashi 12 ɗin nan su tsaya yadda suke, kowanne ya sami katan 2. Bugu da ƙari, lissafin zai nuna masa tun da wuri cewa shinkafar da man za su rabu daidai ne kawai ga ƙungiya 2, 3, 4, 6 ko 12. In unguwanni 14 ne ke jira, shinkafa za ta kai buhu shida-shida, amma mai zai tsaya jarka hurhuɗu, a bar jarka 4 a ƙasa.

Wannan ragowa kuwa ita ce uwar rigima. Daga gare ta zargi ke tasowa, a ce mai rabo ya karkatar, ko mai unguwa ya fifita nasa. Wanda ya san da ita tun kafin a yi layi yana da zaɓi: ko ya buɗe jarkokin a auna da kwalba, ko ya sanar a bainar jama'a inda ragowar za ta tafi, kamar gidan marayu ko na masu jinya.

Sai dai a lura, daidaito daban, adalci daban. Unguwa mai gida ɗari ba za a ba ta kashi ɗaya da mai gida talatin ba. Ƙidayar gidaje ce farko, lissafin kashi ya biyo baya.

Saboda haka ya kamata kwamitocin masallatai da majami'u da masu unguwanni su riƙa zama da alƙalami da takarda kafin a sauke buhu ko ɗaya. Malaman makaranta su ma su daina koyar da wannan darasi da busassun lambobi, su kawo misalin buhu da mudu, domin yaron da ke aji yau shi ne mai rabon gobe.